Yadda Ake Lissafin Taruwar Saɓanin Awo Kafin a Haɗa Inji

Masu ƙera injin ɓarar masara da na gyaɗa a Sabon Gari da Muciya a Zariya sun san wannan matsala sarai. An yanka ƙarafan injuna da yawa a kan awo ɗaya, kowane sashi aka duba shi kaɗai lafiya ƙalau yake, amma ranar haɗawa sai wasu su zauna daram, wasu sai an bi su da giranda, wani kuma ganga ta riƙa gugar bango. Oga ya ce laifin yaron walda ne, yaron walda ya ce mai sassaƙa ne bai cika awo ba. Sau da yawa babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Babu sashin da ke fitowa daidai da lambar da ke kan takarda. Kowanne yana ɗan gotawa sama ko ƙasa, kuma idan aka jera su a jikin inji ɗaya gocewar tana haɗuwa. Ana iya lissafa wannan haɗuwa tun kafin a kunna injin walda, a gane wane sashi ne ya fi jawo ta. Hanyar ɗaya ce, ko a rumfar maƙera ko a masana'antar haɗa motoci irin ta Peugeot da ta fara aiki a Kakuri a Kaduna a 1975. Yawan sassa ne kawai ya bambanta.

Mataki na farko: zaɓi tazara ɗaya

Kada ka ce za ka lissafa inji gaba ɗaya. Nemi wurin da in awonsa ya ɓaci injin ba zai yi aiki ba, ka rubuta iyakarsa ta sama da ta ƙasa. Za mu yi aiki da misali guda har ƙarshe, lambobinsa kuma na koyarwa ne, kai sai ka sa naka. A cikin akwatin injin ɓarar masara akwai shaf, a jikinsa an jera zoben tazara, sai ganga, sai zoben kulle. Abin da muke tsaro shi ne ratar da ta rage tsakanin zoben kulle da bangon akwati. Muna son milimita 3. In ta gaza 1.5 za a yi guga idan ƙarfe ya ɗauki zafi, in ta wuce 4.5 ƙwayar masara za ta riƙa shigewa tana maƙalewa. Ke nan rangwamen da muke da shi 1.5 ne sama, 1.5 ƙasa.

Mataki na biyu: bi sarƙar awo

Ɗora yatsa a gefe ɗaya na ratar, ka bi ƙarfe zuwa ƙarfe, inda suke taɓa juna kaɗai, har ka zagayo ɗaya gefen. Duk awon da ka tsallaka ka rubuta shi. Wanda in ya ƙaru ratar ta ƙaru ka ba shi alamar tarawa, wanda in ya ƙaru ratar ta ragu ka ba shi alamar ɗebewa. A namu misalin:

Faɗin cikin akwati, 420 ±1.0, tarawa.
Zoben tazara, 12 ±0.2, ɗebewa.
Tsawon ganga, 390 ±0.5, ɗebewa.
Zoben kulle, 15 ±0.2, ɗebewa.

420 a ɗebe 12 da 390 da 15, saura 3. In lissafinka bai dawo kan lambar da kake so ba, tsaya nan, akwai abin da ka tsallake. Abin da aka fi mantawa shi ne washa, kaurin fenti, da wasan da bol ke yi a cikin raminsa: bol mai kauri 10 a rami mai faɗi 11 yana iya matsawa rabin milimita kowane gefe, kuma wannan awo ne a cikin sarƙa duk da ba ka ganinsa a zane. Boris ma yana da nasa. Lamba 6205 da ake yawan sawa a irin waɗannan injuna faɗinsa 15 ne, amma ƙa'idar masu ƙera shi ta yarda ya gaza da abin da ya kai 0.12, ba ta yarda ya wuce ba.

Wani abu kuma, sarƙa ɗaya ce tak ke yanke hukunci a kan rata. In ka ga hanyoyi biyu da za ka bi daga wannan gefe zuwa wancan, to zanen ya ɗaure sashin sau biyu, kuma ranar haɗawa ɗaya daga cikinsu sai an tilasta ta da guduma.

Mataki na uku: samo lambobin gaskiya

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake ha'inci. Alamar ± da ke kan zane buri ne na mai zane. Abin da rumfarka ke fitarwa daban ne, kuma shi lissafi ke bukata. Ɗauki aƙalla guda 30 na kowane sashi, ba waɗanda aka yanka a jere da safe ɗaya ba, a haɗa na ranaku daban-daban da na hannaye daban-daban. Auna, rubuta. Daga nan ka fitar da abu biyu: matsakaici, da kuma sigima, wato lambar da ke nuna yadda awon ya warwatsu kewaye da matsakaicin. A Excel, AVERAGE na ba ka na farko, STDEV na ba ka na biyu. In aikin yana tafiya a nutse, kusan 99.73 cikin ɗari na sassa suna faɗawa tsakanin sigima uku sama da uku ƙasa, shi ya sa ake ɗaukar sigima uku a matsayin ± na haƙiƙa.

Kafin ka yarda da lambobin, gwada ma'aunin da mai aunawar. Tef ba ya ganin abin da ya gaza rabin milimita, don haka ba a auna zobe mai ±0.2 da shi. Tsohuwar ƙa'ida ita ce ma'auni ya fi rangwamen da ake dubawa ƙanƙantar gani sau goma. Ma'aunin baniya na hannu yana karanta 0.02, na maikuromita 0.01. Gwajin da masana'antu ke yi mai sauƙi ne: sassa goma, mutum uku, kowa ya auna kowanne sau uku ba tare da ya ga abin da ɗan'uwansa ya rubuta ba. In saɓanin da ke tsakanin masu aunawa ya cinye ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na rangwamen, madalla. In ya haura 30, ba sassa kake aunawa ba, hannun mutane kake aunawa.

Zafi ma yana shiga. Awon da ke kan zanen injiniya ana nufin awo ne a digiri 20, haka ƙa'idar ISO 1 ta tsara. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana miƙewa kamar 0.012 na milimita a kowane digiri, alminiyam kusan ninki biyu. Tsakanin safiyar hunturu a Samaru da azahar ɗin Afrilu bambancin ya kai digiri 20 cikin sauƙi, wanda ke nufin 0.24 a mita ɗaya, wajen 0.1 a akwatinmu. Ga ratar masara wannan ba komai ba ne. Ga mazaunin boris, inda rami mai faɗin 25 na ajin daidaiton da ake kira H7 ke da rangwamen 0.021 kacal, auna shaf da ya sha rana ko wanda aka sauke yanzu daga injin sassaƙa ɓata lokaci ne. Bar shi ya huce a inuwa tare da ma'aunin.

Mataki na huɗu: lissafi biyu, a yi su duka

Na farko shi ne a ɗauka komai ya ɓaci lokaci guda ta ɓangare ɗaya: akwati ya fito mafi ƙanƙanta, sauran ukun mafi girma. Sai a tara rangwamen kai tsaye, 1.0 da 0.2 da 0.5 da 0.2, ya ba da 1.9. Ratar za ta iya zama daga 1.1 zuwa 4.9. Ta fita daga iyakarmu ta kowane gefe.

Na biyu yana la'akari da cewa da wuya sassa huɗu su haɗa baki su karkata wuri ɗaya. Wani ya yi tsawo, wani ya gaza, su rage wa juna. A nan kowane rangwame ana ninka shi da kansa, a tara, sannan a danna alamar √ a kalkuleta. 1.0 ya ba da 1.00, 0.2 ya ba da 0.04, 0.5 ya ba da 0.25, ɗaya 0.2 ɗin 0.04. Jimla 1.33, saiwarta 1.15. Ratar ke nan daga 1.85 zuwa 4.15, tana cikin iyaka, kuma a bisa wannan lissafi inji ɗaya ne cikin kusan dubu goma zai fita.

To wanne za a bi? Ra'ayina, mai ƙera injuna ashirin ko hamsin a shekara ya fi kusa da na farko fiye da yadda yake so ya yarda. Lissafi na biyu ya jingina ne a kan sharuɗɗa uku: sassan ba su da alaƙa da juna, matsakaicin kowanne yana tsakiya daidai, kuma warwatsuwarsu ta taru a tsakiya ta sirance a gefe. A ƙaramar rumfa duk ukun suna karyewa. Zoben tazara da na kulle mutum ɗaya ne ya sassaƙa su da baniya ɗaya, in ta karkace duka biyun sun karkace tare. Saboda irin haka ne wani injiniya na General Motors mai suna Arthur Bender ya ba da shawarar a ninka amsar da 1.5. Mu yi: 1.15 sau 1.5 ya zama 1.73. Mun sake fita daga 1.5. Idan sarƙa gajera ce, sassa uku ko huɗu, ko kuma ɓacin ratar zai iya raunata mutum, a tsaya kan lissafi na farko. Idan sassan sun kai takwas ko goma kuma akwai awon gaske a hannu, na biyu ya fi dacewa, domin na farko zai sa ka biya kuɗin daidaiton da ba ka bukata.

Sharaɗin matsakaici shi ya fi cizo. Walda tana jan ƙarfe idan ta huce, kullum ciki take ja. A ce ka auna akwatuna 30 ka tarar matsakaicinsu 419.4 ne maimakon 420. Warwatsuwar ba ta canza ba, amma tsakiyar ratar ta sauka 2.4, kuma injunan da za su yi guga sun tashi daga ɗaya cikin kusan dubu ashirin zuwa kusan ɗaya cikin ɗari. Gocewar matsakaici ba a saka ta cikin √, kai tsaye ake tara ta. Daɗin abin, ita ce mafi arhar gyara: a buɗe saitin kafin walda da 0.6, shi ke nan. Masana'antu suna haɗa gocewa da warwatsuwa a lamba ɗaya da suke kira Cpk, wato nisan matsakaici daga iyakar da ta fi kusa, a raba da sigima uku, kuma galibi suna neman 1.33 ko sama.

Mataki na biyar: wa ya fi laifi

Wannan ne amfanin duk wahalar. Koma kan lambobin da ka ninka da kansu, ka raba kowanne da jimlar 1.33. Akwati ya ɗauki kashi 75 cikin ɗari, ganga 19, zobba biyun 3 kowanne. Yanzu dubi abin da aka saba yi: a koma wurin mai sassaƙa a ce, "Malam, a ƙara matse mana zobban nan," a biya ƙarin kuɗi ya sauko da su ±0.1. Sabuwar amsa 1.13 ce maimakon 1.15. An kashe kuɗi a banza. Amma in aka yi wa akwati jig, wato abin da ke riƙe bangayen biyu a nisan da ake so har walda ta huce, aka sauko da shi ±0.5, amsar ta zama 0.76. Ko lissafi na farko mai tsauri ya koma 1.4, ya shiga iyaka. Bututu biyu da aka sassaƙa bakinsu a kan awo, da maɗauri, sun isa wannan aiki.

Ba a rumfa kaɗai haka take ba. A farkon shekarun 1990 kamfanonin motoci na Amurka da Jami'ar Michigan sun yi wani shiri na sauko da saɓanin gangar jikin mota zuwa milimita 2, kuma binciken da ya fito daga wannan aiki ya nuna mafi yawan matsalolin daga maɗauran da ke riƙe sassa suke tasowa, ba daga sassan ba.

Mataki na shida: idan sashi yana juyawa

Zuwa yanzu a miƙe muke lissafi. Inji na gaske yana da kusurwa, kuma kusurwa tana ninka kuskure. Sashi yana da hanyoyin motsi shida, uku na matsawa, uku na juyawa. Ana tsayar da shi a jig da wuraren taɓawa, wato fegi, uku a ƙasa, biyu a gefe, ɗaya a ƙarshe, abin da ake kira tsarin 3-2-1. A ce wuraren biyu na gefe nisansu 200 ne, ɗaya ya cinye da 0.2. Wurin da ke nisan 1000 daga ɗaya fegin zai goce da milimita ɗaya cur, ninki biyar. Kamar ƙyauren ƙofa ne: ɗan sakin da ke wurin hinji ba a ganinsa, amma bakin ƙyauren yana jan ƙasa.

Don haka kowane awo a sarƙa yana da lambar ninki tasa. A miƙe 1 ce, a nan 5 ce. Ana ninka rangwamen da ita kafin a shiga lissafi, kuma tunda a lissafi na biyu ana ninka abu da kansa, nauyin wannan fegi ya ƙaru sau 25. In siffar ta yi wuyar lissafi, buɗe zanen a kwamfuta, ka matsa awo ɗaya da 0.1, ka ga nawa ratar ta motsa, ka raba. Darasin aiki a fili yake: nisanta fegin jig da juna iyakar abin da sashin ya ba da dama, a kuma dafa shi ta gefensa mafi tsawo.

Mataki na bakwai: tasha bayan tasha

Injin da ake haɗawa a matakai da yawa yana ɗauke da kuskuren kowane mataki zuwa na gaba. An haɗa ƙafafu a jig na farko, aka ɗora akwati a na biyu, aka huda mazaunin boris a na uku. A kowace tasha saɓanin da ya fita shi ne wanda ya shigo, bayan sabon riƙo ya juya shi ko ya matsa shi, a tara da kuskuren jig na wannan tashar, a tara da jan walda. S. Jack Hu na Jami'ar Michigan ya bayyana wannan kwarara ta saɓani a 1997, Jionghua Jin da Jianjun Shi kuma suka tsara ta a lissafin jadawalin lambobi a 1999. Ɗalibin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello zai iya rubuta ta a manhajar lissafi ta MATLAB. Mai rumfa ba ya bukatar jadawalin, abin da yake bukata shi ne sakamakonsa: duk lokacin da ka canza wurin da kake dafa sashi daga tasha zuwa tasha, ka ƙara sabon awo a sarƙa. Huda ramuka biyu na saiti tun farko, ɗaya zagayayye ɗaya mai ɗan tsawo, ka riƙa dafa sashin da su har a gama. Awon da ya fi muhimmanci kuma, kamar daidaiton mazaunin boris biyu, a bar shi sai bayan an gama walda mai nauyi.

Fallen ƙarfe siriri yana da tasa ɗabi'a. Maɗauri yana lanƙwasa shi ya zauna, a yi walda, a saki, ya ɗan koma. A nan tarawar da muka yi ba ta aiki yadda take, domin sashin da ya fi ƙarfi shi ke rinjaye, siririn ya bi shi. Manhajoji irin su 3DCS da CETOL ana sayensu don lissafin sarƙoƙi masu sarƙaƙiya, amma a rumfa dabarar ita ce a matse awon firam mai kauri, a bar fallen ya hau kan ɗan'uwansa maimakon su haɗu baki da baki, saboda haɗin da ya hau kan juna yana zamewa ya shanye saɓanin.

Mataki na takwas: haɗa injuna dubu goma a kwamfuta

Idan akwai kusurwa, ko warwatsuwar ta karkata gefe ɗaya, a koma hanyar Monte Carlo, wadda Stanislaw Ulam da John von Neumann suka ɓullo da ita a Los Alamos ta Amurka a shekarun 1940. Buɗe Excel, ba kowane awo layinsa na tsaye. Ga akwati rubuta =NORM.INV(RAND(),420,0.333), inda 420 matsakaici ne, 0.333 sigima. Yi wa sauran ukun haka da nasu lambobin, layi na biyar ya lissafa ratar. Ja shi ƙasa sau 10,000, sannan COUNTIF ya ƙirga maka nawa suka gaza 1.5, nawa suka wuce 4.5. Canza 420 zuwa 419.4 ka ga ƙidayar ta tashi zuwa wajen ɗari. Sashin da ake tacewa da hannu, a jefar da wanda ya fita, ko wanda ake sayowa daga hannaye da yawa a kasuwa, ba ya taruwa a tsakiya; shi a ba shi warwatsuwa shimfiɗaɗɗiya, =11.8+0.4*RAND() ga zoben tazara. Kada kyan jadawalin ya ruɗe ka, amsar ba ta fi lambobin da ka auno a mataki na uku inganci ba.

Mataki na tara: gyara, sannan a sake aunawa

Matse awo shi ne mafi tsada, a bar shi ƙarshe. Fara da daidaita matsakaici. Sai rage tsawon sarƙa: in aka sassaƙa kafaɗa a jikin shaf maimakon zoben tazara, awo ɗaya ya fita. Sai jig. Sai a bar wurin saiti da gangan, rami mai tsawo a mazaunin motar da ke juya injin don jan bel, ko siraran washa masu kauri 0.5 da 1.0 da aka tanada a zane. Akwai kuma raba sassa gida-gida, manyan akwatuna su tafi da dogayen ganguna, sai dai wannan yana da illa ga manomin Giwa ko Soba da gangarsa ta lalace bayan shekara biyu: wadda za ka aika masa ba lalle ta shiga ba.

Bayan gyara, auna ratar a injuna 30 na farko ka kwatanta da abin da lissafi ya ce. In warwatsuwar gaske ta fi ta lissafi, akwai awon da bai shiga sarƙa ba, kuma wuraren da za a fara dubawa su ne wasan bol da tsarin da ake bi wajen walda, domin wanda ya fara daga hagu da wanda ya fara daga dama ba su fitar da akwati iri ɗaya. A hana yara bin sashi da giranda a ɓoye a wannan lokaci, ko a sa su rubuta duk wanda suka taɓa da nawa suka ci. Jig ɗin ma a ajiye masa sashi ɗaya na gwaji da aka auna da kyau, a riƙa ɗora shi a kai farkon kowane mako, a kankare tartsatsin waldar da ya manne a fegi kafin a fara aiki.